Ku Daina Sayar da Guminku Sule Shida

A 1904, shekara biyu kafin yaƙin da Sarkin Haɗejia Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, gwamnatin Lugga da ke Zungeru ta fitar da wani kan sarki mai hoton Sarkin Ingila Edward na Bakwai, an rubuta masa fam 25. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga shi, kuma kaɗan aka buga, don ba wasiƙar da za ta ci fam 25 a wancan zamani. Yau duk wanda ke da guda ɗaya mai lafiya, masu tara kan sarki na Turai za su zube masa dubban fam-famai, kuɗin da zai sayi sabuwar tarakta har a ba shi canji. Takardar da ba ta kai faɗin yatsu biyu ba, mai ɗauke da sunan Arewacin Najeriya, a Landan ake yanka mata kuɗi.

Masu wannan harka suna da kundin farashi. Wanda ya fi shahara shi ne na Stanley Gibbons, da aka fara fitarwa tun 1865. Ana sabunta shi a kai a kai, waɗanda suka yi wuyar samu kuɗinsu na ta hawa. To amma ba da ka ake yanka farashin ba. Sai an sa gilashin ƙara gani an duba haƙoran gefen takardar ko sun cika, launin ko ya koɗe, ƙaron baya ko an taɓa lasarsa, hatimin gidan waya ko ya fito sarai. Kan sarki biyu, bugu ɗaya, rana ɗaya, sai ka ga na wannan ya ninka na wancan sau goma, saboda ɗaya ya faɗa hannun mai adana, ɗaya ya kwana a ƙasan tabarma.

Wanda ya fi kowanne tsada a duniya ma ba a Landan aka yi shi ba. A 1856 kan sarki ya yanke a Guyana, ƙasar Kudancin Amurka da Ingila ke mulka a lokacin, jirgin ruwa bai kawo isasshe ba. Shugaban gidan waya na Georgetown ya je wurin masu buga jaridar garin ya ce su yi masa na wucin gadi. Suka buga abin da injinsu zai iya, a kan jar takarda, ma'aikacin gidan waya ya riƙa sa hannu a kan kowanne don gudun jabu. Aikin ƙananan ma'aikata ne da suka ƙi zama jiran jirgi. A 1873 wani yaro ɗan shekara 12 ya tsinci guda ɗaya a cikin takardun danginsu, ya kai wa wani mai tarawa, aka ba shi sule shida, ya tafi yana murna. A 2014 an yi gwanjon wannan takarda a New York a kan dala miliyan 9.48.

Yaron nan ba malalaci ba ne, kuma ba wawa ba ne. Shi ya tono, shi ya kai kasuwa. Abin da ya rasa ɗaya ne, bai san farashin abin da ke hannunsa ba, mai saye kuwa ya sani.

To, 'yan'uwana masunta da manoman fadama, da ku iyayenmu mata masu turara shinkafa, da samarin da ke dakon buhuna a tasha, da ku nake. Ba wanda zai tsaya a gaban mutumin Guri ko Kirikasamma ya koya masa aiki. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, kogin ya sauya hali, kachala ta toshe magudanai ta cinye gonaki da wuraren su. Ku ne kuka shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, kuna aikin gayya, kuna buɗe hanya. Ambaliyar 2022 ta shafe gonaki, rani na kamawa kuka tayar da injin ban-ruwa a Auyo kamar ba a yi ba. Masunci ya fita da kwale-kwale kafin kiran assalatu, ya ɗaga mali, ya dawo da tarwaɗa da karfasa, uwargida ta tsaya a kan banda hayaƙi na cin idonta har dare. Ƙarfi dai kuna da shi. Inda ake cinye ku shi ne tsakanin bakin gona da bakin sikeli, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Riɗin da ake lodawa a Malam Madori yana ƙarewa ne a Japan da Sin da Turkiyya. Zoɓon Jigawa har Meksiko yake zuwa. Su ma masu sayen nan suna da nasu kundin, kuma abin da suke dubawa bai wuce abin da mai kan sarki ke dubawa ba: tsabta, launi, danshi. Dubi yadda ake yi a gonaki da yawa. A jingine riɗi ya bushe, a zo a kaɗe shi a kan tsurar ƙasa, a share da tsintsiya har da yashi a ɗura a buhu. Ɗan baranda ya zo ya soka hannu, ya murza, ya ji ƙasa a yatsunsa, nan take ya zabge kuɗin. Shi kuma ya kai sito ya sa a rairaye, ya sayar a farashin mai kyau. Kuɗin tampol ɗaya ne ya raba ka da wannan riba. Shimfiɗa tampol, ka kaɗe a kai, a sheƙe, a rairaye, ka ware farin daban, ka ga ko zai iya yi maka wancan tayin.

Haka shinkafa. Matar da ta wanke shanshera ta tsame tsakuwa kafin ta turara, ta shanya a kan siminti maimakon gefen titi, ba ta roƙon mai saye, shi ke aiko yaro da sassafe. Fiya-fiya kuma, don Allah a raba ta da kifi da wake. Saboda irin wannan magani Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, laifin wasu ya shafi kowa.

Sai sani. Wayar da ke aljihunka ta isa ka ji nawa aka sayar da buhu a kasuwar Dawanau yau kafin ka buɗe baki a Haɗejia. Ku haɗu ku goma, ku sayi sikelinku, ku sami littafi, yaron da ya yi makaranta ya riƙa rubuta nauyi da farashi da kwanan wata. Shekara biyu kuka yi kuna haka, kun san watan da kaya ke faɗuwa da watan da suke tashi, kun san wanda ke danne awo. Mutum goma masu buhu ɗari suna iya cewa albarka su juya baya, mai buhu uku da bashin ba-da-kaka a wuyansa ba ya iyawa. A nan adashi yake da rana, don ya riƙe ka har kasuwa ta farfaɗo.

Kada kuma labarin miliyoyin nan ya ruɗi kowa. Farashin kundi daban, abin da dillali zai ƙirga maka daban. Jar takardar Guyana da kanta, da aka sake gwanjonta a 2021, dala miliyan 8.3 ta yi, mai ita ya tafka asarar sama da miliyan ɗaya. A Sifaniya wasu kamfanoni biyu, Afinsa da Forum Filatélico, sun yi shekaru suna karɓar ajiyar talakawa da alkawarin cewa kan sarki ba ya faɗuwa. A watan Mayun 2006 'yan sanda suka rufe su, sama da mutum dubu 300 suka wayi gari da takardun da ba su kai kuɗin da aka rubuta musu ba. Mu ma a 2016 da harkar zuba kuɗi ta MMM ta kife mun ga irinta. Duk wanda ya zo maka da riba a rubuce ba tare da ka ga aikin da zai haife ta ba, ka riƙe kuɗin takinka.

Wanda kuma ke da tsofaffin wasiƙu a adakar kaka, na zamanin da jirgin Kano zuwa Nguru ke sauke jakar gidan waya, kada ya ɓamɓare kan sarkin daga ambulan. Yawancinsu ba za su yi wani kuɗi ba, miliyoyi aka buga. Amma masu tarawa sun fi son ambulan cikakke mai hatimin ƙaramin gari da kwanan wata, kuma ko ba a saya ba, tarihin gidanku ne. A sa a leda, a nisanta shi da danshi da gara.

Kafin a fara yankan riɗin bana, shugabannin ƙungiyoyi su zauna su fitar da kuɗin tampol da sikeli, a kuma zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa bugo waya Dawanau kowace safiyar kasuwa. Ku tashi, Allah Ya yi wa nema albarka.