Mai Riƙe da Ludayi

A wurin zaman makoki kowane mamaci mutumin kirki ne. Kana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, jama'a na zuwa rukuni-rukuni, a yi addu'a a shafa, sai wani ya nisa ya ce, "Kai, ai mutumin kirki ne, ba ruwansa." Na kusa da shi ya gyaɗa kai. Ba laifi ba ne, don an hore mu da ambaton alherin wanda ya riga mu. Amma shaidar ta zama ta kowa da kowa. An yi wa mai zumunci ita, an kuma yi wa wanda ya shekara goma bai taka gidan ƙanwarsa ba. 'Ya'yan mamaci na amsawa da "Allah ya ba da lada," in an watse kuwa babu wani abu guda da za su ce sun ƙaru da shi game da ubansu.

Wani abokin karatunmu na sakandare ya rasu da daddare bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, kafin hantsi an kai shi makwancinsa. Yawancinmu a waya muka gani, a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, addu'o'i na bin juna har allon ya cika. Ni shaidar da nake da ita a kansa ba ta wuce ta ludayi ba, kuma ina ganin ta fi dogon yabo nauyi.

Mu 'yan UPE ne. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, aka kwaso mu daga birni da ƙauye, wasu da kuka wasu da murna. Da muka kammala aji shida a 1982 sai muka yi wa makarantun sakandare yawa. Makarantar kwana a Arewa ta samo tsarinta ne daga irin Kwalejin Katsina ta 1921, wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, kuma an yi ta ne don ɗalibai ƙalilan da gwamnati za ta iya ɗauke wa komai. Yayyenmu na ba mu labarin lokacin da ake raba sabulu da kayan makaranta da kuɗin mota in an yi hutu. Mu kuwa a shekarar da muka shiga, kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu. Fari ya biyo baya a 1983 da 1984, sannan shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, wato SAP, ya zo a 1986. Ba mu san ma'anar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a lokacin. Abin da muka sani shi ne malmalar tuwo na ƙanƙancewa zango bayan zango.

A dainin, tebur-tebur ake zama. Juniya biyu su je kicin su kinkimo daron gabza da bokitin miyar kuka, su dire a kan teburi, kowa ya miƙo kwanonsa na silba. A nan rigima take. Miyar makaranta hawa biyu ce: sama ruwa ne tsululu da ɗan mai yana yawo, ƙasa kuwa nan kaurin yake, nan daddawa da wake suke kwanciya, nan ne kuma yankan nama ke ɓuya a ranar da aka yi nama. Wanda ya riƙe ludayi yana iya shafto maka sama ya nutsa wa kansa ƙasa, a ido kuwa kowa ludayi ɗaya ya samu. Haka kokon safe yake, haka shinkafa da wake, inda mai ke taruwa gefe guda. Siniyoyi sun san wannan dabara sarai, shi ya sa a tebura da yawa ludayi na hannun wanda ya fi ƙarfi.

A teburinmu yana hannun marigayin, ko da yake ba shi ne babba ba, ba kuma shi ya fi kowa ƙoƙari a aji ba. Siriri ne mai sanyin magana, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Kafin ya zuba wa kowa sai ya juya bokitin sosai, ya sake juyawa bayan kowane kwano biyu. Sannan ba ya karɓar kwano daga hannun mai shi. Sai an jera su duka a gabansa, ya zuba, ya koma ya duba, ya rage nan ya ƙara can, kana ya ja da baya ya ce, "To, ku ɗauka." Wanda ya saura shi ne nasa, ko da kwanon wani ne. Ranar nama kuwa, tun da tsoka ba ta taɓa zuwa daidai da juna ba, sai ya sa ƙaramin cikinmu ya juya baya. Ya nuna kashi ɗaya ya ce, "Wannan na wa?" Yaron ya kira suna bai ga abin da ake nunawa ba, kamar yadda akan yi a wurin watanda. Wanda ya sami ƙashi ba shi da wanda zai zarga.

Daga baya na karanta cewa wani masanin lissafi ɗan ƙasar Folan, Hugo Steinhaus, ya wallafa bincike a 1948 kan yadda za a raba abu tsakanin mutane da yawa kowa ya gamsu bai ƙwaru ba. Tushen maganar tsoho ne: in mutum biyu ne, ɗaya ya yanka ɗayan ya zaɓa. Mai yankan da ya san shi zai ɗauki saura, dole hannunsa ya daidaita. Abokinmu bai taɓa jin sunan Steinhaus ba, lissafi ma da ƙyar yake tsallake shi. Shi dai ya gane cewa bai kamata a bar wa mai rabo zaɓi ba, har da shi kansa. Wannan ne ya fi burge ni yanzu da na girma. Bai taɓa cewa mu yarda da shi ba. Ya tsara abin ne yadda ko ya so cuta ba zai sami hanya ba, alhali yunwar da muke ji ita yake ji. Na sha ganinsa da dare bayan firef yana jiƙa garin kwaki ba sukari.

Shi ya sa nake ganin shaidar abokin makarantar kwana daban take. Matar mutum ta san shi bayan ya zama magidanci, abokan aiki sun san shi da babbar riga, 'ya'yansa sun san shi yana ba da umarni. Mu mun san shi yana ɗan shekara goma sha uku, da gajeren wando, ba uwa ba uba a kusa, ba mutuncin da zai kare, ba wanda zai yaba masa in ya yi daidai. Babu firfet ɗin da ke lura da zurfin ludayi.

Bayan mun rabu ya yi karatun aikin gona, ya kama aiki a wata ƙaramar hukuma, rabon takin zamani ya biyo ta hannunsa shekara da shekaru. Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da buhun taki ke jawowa da damina ta kawo kai. Ya yi ritaya a gidan da ya gina da kaɗan-kaɗan, rabin katangar ba filasta.

Mun je ta'aziyya ranar sadakar uku. Babban ɗansa, saurayi mai kama da shi har tsayin wuya, ya durƙusa ya gaishe mu.

"Ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya, Baba. Allah ya ba da lada."

Ɗaya daga cikinmu, wanda bakinsa ba ya shiru tun muna yara, ya ce, "Ɗana, matso in ba ka labarin babanka." Ya kwashe zancen bokiti da ludayi kaf ya faɗa masa, har da kwaikwayon yadda yake cewa "wannan na wa?" Wasu dattawa a gefe suka ɗan harare mu, don dariya ta kuɓuce mana a wurin makoki. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Baba, haka yake mana da naman layya. Autarmu yake sa wa ta juya baya. Mu mun ɗauka wasa ne yake yi da ita." Ya tashi ya shiga cikin gida, muka jiyo shi yana maimaita wa mahaifiyarsa da ke takaba.

Ba mu ba shi wani abu mai yawa ba, amma babu wanda zai iya ba shi wannan sai mu. Mu ɗin ma raguwa muke yi. Hoton ajinmu in aka ɗora shi a zaure, kowace shekara sai an ƙara nuna wani a ce Allah ya jiƙansa.

Sai maganar kuɗi. Marigayin ne ma'ajin ƙungiyar 'yan ajinmu tun da aka kafa ta, ba a taɓa yin zaɓe a kan kujerarsa ba. Duk wata yakan ɗora hoton littafinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, har kuɗin da banki ya cira. Yanzu ga gudummawa ana tarawa don iyalinsa, ga babu mai riƙewa. Malamin cikinmu ya fara warware abu guda: abin da muka tara kyauta ce ga marayu, ba ya shiga gado. Gado kuwa ba a taɓa shi sai an biya bashi an zartar da wasiyya, kuma wankin ƙoda ya bar bashi. Aka yanke a kasa kuɗin biyu, kaso ɗaya a rage bashin asibiti, ɗayan a riƙa biyan kuɗin makarantar ƙananan kai tsaye.

Da aka zo kan sabon ma'aji, aka ambaci wani ɗan kasuwa a cikinmu, mutumin da ya fi kowa ba da gudummawa. Nan take wani ya rubuta, "Wanda yake nutsa ludayi a teburinsu? Hali fa zanen dutse ne." Zaure ya kaure. Ni ban goyi bayan wannan ba. Yaron da yunwa ta sa ya kwashi kaurin miya shekara arba'in da suka wuce bai cancanci a ɗaure shi da ita har furfura ba, kuma na san waɗanda suka fasa akwatin mutane don gari da ƙuli-ƙuli, yau ana ba su amanar masallaci. Abin da marigayin ya yi a teburi ma ai ba tantance masu hali ba ne. Tsari ya kafa wanda ba ya buƙatar a san halin kowa.

Ɗan kasuwar bai yi fushi ba. Ya turo saƙon murya yana dariya, ya ce ludayi kam ya nutsa, ba zai musa ba, kuma da za a mayar da shi wancan dainin da wancan cikin, bai yi alkawarin fasawa ba. Ya ce zai riƙe kuɗin bisa sharaɗi biyu: ba a cire ko sisi sai da hannun mutum biyu, kuma wanda ya tona masa asirin shi ne zai zama na biyun. Haka aka yi. Su biyun suka je banki ranar Litinin, suna tafe suna musu a kan wa ya fi cin zalin juniyoyi.