Mun Ƙaddamar Da Littafi, Mun Manta Da Mai Karatu

Da wuya wata ya wuce a Kano ko Kaduna ko Abuja ba ka ji ana ƙaddamar da sabon littafi ba. A buga katin gayyata mai sheƙi, a jera sunaye: uban taro, babban baƙo na musamman, babban mai ƙaddamarwa, mai masaukin baƙi, sarakuna iyayen ƙasa. Can ƙasan kati ake sa sunan mai sharhin littafin, kuma ranar taro shi ne za a raɗa wa cewa ya taƙaita, manyan baƙi suna da wurin zuwa. Yana zama sai a shiga abin da ya tara jama'a: wane ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyan kaza, wane ya yi alƙawarin kaza a madadin maigidansa. A yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata uku ka shiga laburaren gari ka nemi littafin nan, mai yiwuwa ma'aikacin da ke zaune a wurin ko labarin fitowarsa bai ji ba.

Ba kuɗin da marubuci ya samu nake jin haushi ba. Duk wanda ya san wahalar rubutu, ya kuma san yadda takarda da tawada suka yi tsada, ba zai ga laifin mutum don ya nemi mayar da abin da ya kashe ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda littafin yake ƙarewa. Kwafin da aka saya da tsada sau da yawa a bayan mota yake kwana, ko a ajiye shi a falo har ya yi ƙura ba a buɗe ba. Ɗalibar da ke Rijiyar Lemo da malamin firamaren da ke Malumfashi, waɗanda su ne za su karanta shi daga bango zuwa bango, ba su da kuɗin saye, kuma gidan da aka gina domin irinsu ba a kai masa ko kwafi ɗaya ba. Littattafai suna fitowa, amma hanyar da za ta kai su hannun talaka ta toshe, kuma mun saba da toshewarta har mun daina jin ciwo.

Ba haka muka gada ba. Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan, littafi a wajen malamanmu abu ne mai yawo. Ana aron sa daga zaure zuwa zaure, almajiri ya kwafe shi da hannu ya mayar wa mai shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta rubuta waƙoƙinta ta adana a cikin gafaka ba. Ta naɗa jajoji, manyan mata masu hankali, suna ɗaukar karatun suna kai wa matan ƙauyuka, abin da aka sani da 'Yan Taru. Ta san rubutun da bai isa kunnen wadda aka yi dominta ba, aikinsa bai cika ba.

Da boko ya zo ma ba a raba bugawa da isarwa ba. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai da Hausa, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Magana Jari Ce ya biyo baya, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Wannan tarihi kowane ɗalibin Hausa ya haddace shi don jarrabawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an yi tanadin inda za a zauna a karanta. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa a ƙarƙashin En'e, da farko don mutane su san halin da yaƙi ke ciki, daga baya suka zama wurin jarida da littafi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, kuma cikin aikinsa har da aika akwatunan littattafai zuwa waɗannan ɗakuna. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, don kada wanda ya koyi baƙi ya rasa abin karantawa ya koma gidan jiya. Ba wanke Turawan mulki nake yi ba, suna da tasu manufa. Amma masu aikin nan, Turawa da 'yan ƙasa, sun gane abu ɗaya da mu muka manta: koya wa mutum karatu ba tare da ajiye masa littafi kusa da gida ba, ɓata ƙoƙari ne.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici ya faru ne a shekarun 1980 da 1990. A lokacin manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, sai matasa, mata da maza, suka tashi suna buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino, Bilkisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwa irinsu suka sa matan aure da 'yan mata da 'yan kasuwa karatun Hausa yadda ba a taɓa gani ba. Da yawa daga cikin 'yan boko suka yi musu kallon raini, aka laƙaba musu adabin kasuwa. Su wa suka ɗauki nauyin kai littattafan nan ga jama'a? Masu shagunan haya. Ka ba da ɗan canji, ka ɗauki littafi, ka karanta, ka dawo da shi. Wani ɗan shago a lungu ya yi aikin da gwamnati ke biyan ma'aikata albashi su yi. Da laburarukanmu sun buɗe ƙofa a wannan lokaci, sun sayi littattafan nan sun zaɓi masu kyau sun jera, sun gayyaci marubutansu, da sun kama zuri'a guda ta masu karatu. Wanda ya shigo neman labarin soyayya yau, gobe idonsa zai faɗa kan littafin tarihi da ke kantar kusa. An bar damar ta wuce. A 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin sunayen irin waɗannan littattafai da aka buga daga 1987 zuwa 2002, ɗaruruwa ne. Mai karatu ya gwada ɗaukar sunaye ashirin daga ciki ya nema a laburaren jiharsa, ya ga nawa zai samu. An buga su a takarda mai araha, suna lalacewa, kuma wasu idan suka ɓace sun ɓace ke nan.

Yau in ka shiga yawancin laburarukanmu za ka tarar da mutane, kada a ce babu. Amma dubi abin da ke gabansu. Kowa da littafinsa ya zo, ko da takardun lacca, yana shirin jarrabawar JAMB ko WAEC ko ta ƙarin girma a wurin aiki. Kujera da inuwa da shiru suka zo nema, kuma suna da haƙƙin samu. Sai dai kantocin da ke bayansu ba mai waiwaya, domin abin da ke kai ya tsufa: littattafan kimiyya da aka daina koyarwa da su, da tarkacen kyauta daga ƙasashen waje da ba wanda ya tambayi ko muna buƙata. Ɓangaren Hausa, in akwai, kanta ɗaya ce ko biyu. A wurare da dama ana rufewa da la'asar, daidai lokacin da ɗan kasuwa da ma'aikaci da ɗan makaranta suke samun sarari. A ƙananan hukumomi kuwa, wasu ɗakunan karatun an mayar da su ofis ko wurin ajiyar kaya, wasu rufi ya yi yoyo gara ta gama da abin da ya rage.

Gwamnati tana da kaso mai girma na wannan laifi, kuma ba sai an yi dogon bayani ba. Ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke Abuja an ba da kwangilarsa tun 2006, ya shafe fiye da shekara goma sha biyar ba a kammala ba. In uwa ta kwana a waje, ba a tambayar inda 'ya'ya suka kwana. Hukumar laburaren da kasafinta ya ƙare a albashi, babu kason sayen sabon littafi, ba za a kira ta mai aiki ba.

Amma nasihata ta fi karkata ga marubuta da mawallafa, domin abin da ke hannunsu ba ya jiran kasafi. Tun 1970 doka ta wajabta wa duk mawallafi a Nijeriya ya ajiye kwafi uku na abin da ya buga a Laburaren Ƙasa. Nawa ne daga cikinmu suke cikawa? Mutum zai bi hanya ya samo lambar ISBN don littafinsa ya yi kama da na manya, amma ya kasa mayar da kwafi uku. Wannan ba tara ba ce aka ɗora maka, kai ake yi wa gata. Shekara hamsin nan gaba, lokacin da ka bar duniya, maɗaba'ar da ta buga maka ta rufe, kwamfutar da ke ɗauke da rubutun ta mutu, wannan kwafin ne kaɗai zai shaida ka taɓa rubutu. Kuma yaya mutum zai kashe dubban ɗaruruwa wajen hayar zaure da abinci da mai gabatarwa, sannan ya ce kwafi goma na laburare sun yi masa nauyi?

Na san amsar da za a ba ni: yanzu komai yana waya. Gaskiya ne marubuta da yawa, musamman mata, sun koma WhatsApp da makamantansa, suna sakin labari shafi-shafi, masu karatu suna biya. Ban raina wannan ba, ya nuna ƙishirwar karatu tana nan. Amma rubutun da ke waya ba shi da mai tacewa, ba shi da ma'ajiya. Ga kurakuran ƙa'idar rubutu, ga haɗa kalmomin da ya kamata a raba, ga Hausar da ƙugiya ta ɓace mata gaba ɗaya. Ranar da aka rufe zauren WhatsApp ɗin ko wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan. Sannan yaron da ubansa ke fama da kuɗin awo, wace waya zai riƙe, da wane kuɗi zai sayi data? Laburare shi ne wuri guda a gari da ɗan mai kuɗi da ɗan talaka za su zauna kan benci ɗaya su ɗauki littafi ɗaya ba a tambayi kowa ko sisi ba.

Ma'aikatan laburare, ku ma ga taku. Na san kuna aiki cikin ƙunci, ba wuta, ba kayan aiki, ba mai yabawa. Duk da haka akwai abubuwan da rashin kuɗi bai hana ba. Allo ɗaya a bakin ƙofa da aka rubuta sunayen littattafan da suka fito wannan wata da waɗanda ke tafe ba ya buƙatar sa hannun kwamishina. Gayyatar marubucin garinku ya zo ya karanta babi ɗaya a yi masa tambayoyi, da yawansu kyauta za su zo, har su kawo kwafi. Safiyar Asabar a ware wa yara, a samo tsohuwa mai baki ta yi musu tatsuniya, sannan a miƙa musu littafin da za su tafi da shi gida su dawo da shi. A ware wa mata lokacinsu, domin su ne suka riƙe karatun Hausa shekaru talatin da suka wuce, kuma da yawa ba za su shiga ɗakin da maza suka cika ba. A buɗe ajin Ajami ga ɗan boko, da ajin boko ga wanda ya tashi a allo. Masu son abin suna nan. Rassan ƙungiyar marubuta ta ANA suna zaman karatu, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata marubuta da ba a san da su ba, bikin littattafai na Kaduna da aka fara a 2017 ya tara jama'a. Sai dai biki na shekara-shekara ne, yaro kuwa kowane mako yake girma. Wurin da zai riƙe shi tsakanin biki da biki shi ne naku.

Masu hali kuma, Allah ya ƙara buɗi. Kuna gina masallatai, kuna haƙa rijiyoyi, kuma duk alheri ne. Amma ilimi mai amfani ma yana cikin abin da ladansa ke bin mutum bayan ransa. Ranar da aka gayyace ka babban mai ƙaddamarwa, maimakon ka sayi kwafi ɗaya da miliyan, ka ce ka sayi kwafi ɗari biyu a farashinsu, a raba wa laburarukan jiha da na makarantun sakandare, kuma ka sa wani amintacce ya bi ya tabbatar sun isa kanta. Marubuci bai yi asara ba, kai ma ba ka ƙara ko kwabo a kan abin da ka yi niyya ba.

Kai kuma ɗan'uwa marubuci da littafinka ke maɗaba'a yanzu, kafin ka kai katin gayyata wurin bugawa, ware kwafi uku na Laburaren Ƙasa, ka ware na laburaren jiharka da na ƙaramar hukumarka. Ka kai da ƙafarka, ka tsaya a rubuta su a rajista a gabanka, sannan ka tambayi ma'aikacin wace rana za ka dawo ka karanta wa jama'a.