Rabon Masu Tsaron Kaya

Kusan kowane ƙauye a ƙasar Ingila yana da dutse ko gicciye inda aka rubuta sunayen 'ya'yansa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, na 1914 zuwa 1918. Mutanen gari su ne suka tara kuɗi suka kafa su. Amma yawancin sunayen na sojoji ne. Akwai waɗansu da yaƙin ya cinye, ba su kuwa taɓa riƙe bindiga ba.

A Chilwell, kusa da birnin Notingham, akwai wata babbar ma'aikata inda maza da mata suke ɗura albarushi cikin harsashin igwa. Gubar albarushin takan mai da fatar matan rawaya. Ran 1 ga Yuli 1918, da maraice, albarushi ton 8 ya fashe, mutum 134 suka mutu. Gawa 32 kaɗai aka iya ganewa. Sauran aka binne su tare a harabar majami'ar ƙauyen Attenborough. Hukuma ta hana jaridu faɗin sunan wurin, kada abokan gaba su ji. Kashegari waɗanda suka tsira suka koma bakin aiki.

Mu tuna da Dauda a rafin Besor, cikin 1 Sama'ila sura 30. Yana da mutum 600, amma 200 suka gaji, suka zauna wurin kaya. Sa'ad da 400 ɗin suka komo da ganima daga wurin Amalekawa, waɗansu marasa kirki suka ƙi raba ta da su. Dauda bai yarda ba, gama ya sani Ubangiji ne ya ba da nasara. Ya daidaita rabon mai tsaron kaya da na mai zuwa yaƙi, ya kuwa zama doka cikin Isra'ila.

Kada wani ya ce muna yabon yaƙi. Harsashin da matan nan suka ɗura ya kashe 'ya'yan waɗansu uwaye a Jamus, hawayensu kuma ɗaya ne a gaban Allah. Dutsen tunawa bai wanke wannan ba. Aikinsa shi ne ya hana mu manta mutum domin aikinsa ba na ganin ido ba ne. Mu ma cikin ekklesiya, sau nawa mukan yabi mai wa'azi, mu manta da tsohuwar da ta share majami'a tun da asuba?

An kafa dutsen tunawa a Chilwell a 1919, amma wurin ya zama barikin soja, ba kowa ke iya shiga ba. A 2018, shekara 100 bayan fashewar, jama'a suka taru a Attenborough, suka keɓe sabon abin tunawa a kan kaburburan nan da addu'a.