Tawakkali a Kan Gangaren Dusar Ƙanƙara

Dusar ƙanƙarar da ke taruwa a tsaunukan Alps da hunturu falle-falle take kwanciya, kowace zuba da nata, kuma a tsakani akan sami falle mai rauni wanda ƙwayoyinsa ba su kama juna ba, warwas kamar sukari. Idan iska ta daddale wani falle mai tauri a kansa, a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga shi, sai dusar gefen dutsen ta zaftare gaba ɗaya. Mafi yawan masu mutuwa a irin wannan zaftarewa su da kansu, ko wani abokin tafiyarsu, ne suka tayar da ita, kuma wanda ta binne, muddin ba a tono shi cikin minti 15 na farko ba, da wuya numfashinsa ya kai shi nesa.

Tun shekarar 1993 ƙasashen Turai ke auna wannan haɗari da ma'auni guda mai matakai 5, wanda cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Suwizalan ke amfani da shi a sanarwarta ta kullum. An fi samun mace-mace a mataki na 3, domin a na 5 ba mai fita, alhali a na 3 sama kan yi garau, ga kuma sawun waɗanda suka riga suka wuce lafiya yana jan na baya.

A nan ne tambayar tawakkali, wato dogaro ga Allah bayan an bi sabubba, take da wuyar amsawa, saboda dutsen ba ya gaya wa wanda ya tsira ko daidai ya yi ko sa'a ya ci. Mutum kan ƙetare mugun gangare shekara da shekaru bai ga komai ba, har ya ɗauki gangancinsa ƙwarewa, wani ma ya kira shi imani. Wanda kuwa ya karanta sanarwa, ya haƙa rami ya duba fallayen, sannan ya juya gida, shi ma ba zai taɓa sanin ko da ya wuce da dusar ta rufta da shi ba. Tunda sakamako ba ya raba su, hukunci sai ya koma kan abin da kowannensu ya sani kafin ya ɗaga ƙafa.

Sayyidina Umar ya fuskanci irin wannan lokacin annobar Amwas, inda ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, ya kuma nuna wa Abu Ubaida, shugaban rundunar da ke can, cewa komawar ita ma cikin ƙaddara take. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa har annobar ta ɗauke shi, amma hujjar Umar ta tsaya tun ranar da ya juya, kafin kowa ya san wanda zai mutu.