WANDA AKA ZALUNTA, INA MATSAYINSA A GABAN ALƘALI?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato, idan an kama mai laifi, laifin kuma ya tabbata, shin wanda aka zalunta yana da ta cewa game da hukuncin da za a yanke, ko kuwa aikinsa ya ƙare daga ba da shaida?

Ni mutumin Kurya Madaro ne, cikin ƙasar Ƙauran Namoda. Ina yaro aka sace wa wani kawuna shanun huɗa biyu ana gab da shuka. Bayan wata uku aka kama ɓarawon, aka kai shi wata kotu. An tambayi kawu ko shanun nasa ne, ya ce nasa ne, aka ce ya koma ya zauna. Aka ɗaure ɓarawo, aka ba shi shanunsa. Da ya dawo gida na yi masa barka, sai ya ce mini, "Ɗana, shanu sun dawo, amma damanar fa, wa ka maido man ita?" Shekarar nan sai da ya ci bashin hatsi. Wannan asarar ba ta shiga takardar kotu ba, domin ba wanda ya tambaye shi.

To, irin wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka shigo da tsarin ba wanda aka zalunta dama ya tsaya gaban alƙali, bayan an tabbatar da laifi, kafin a yanke hukunci, ya bayyana yadda abin ya shafi jikinsa da dukiyarsa da iyalinsa. Ingila ta fara nata a 2001. A ƙasar Niyuzilan, wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch ranar 15 ga Maris 2019, sai da ya zauna ya saurari mutum kimanin 90 daga cikin waɗanda suka tsira da dangin mamata a watan Agusta 2020, sa'an nan aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar fita ba. Hujjar wannan tsari a fili take: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma fa akwai hadari a ciki, kuma bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba. A 1987, cikin shari'ar Booth, Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana karɓar irin wannan bayani inda hukuncin kisa ke kan gaba, sai a 1991, cikin shari'ar Payne, ta sake shawara ta halatta. Abin da alƙalan farko suka ji wa tsoro shi ne kada nauyin hukunci ya koma bisa iya maganar dangi da darajar mamaci. Alal misali, a ce an kashe mutum biyu, ɗaya attajiri mai 'ya'ya masu ilmi da fasahar magana, ɗaya almajiri baƙo wanda ba mai yi masa kuka. In hawaye ne ma'auni, ashe jinin almajiri ya yi araha ke nan.

A nan ne nake ganin ba sai mun je aron ma'auni a nesa ba. Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka fara aiki da ita a Janairu 2000, kuma fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure ya riga ya yi magana kan wannan batu. A kisan ganganci, waliyyan jini suna da iko su nemi ƙisasi, ko su yi sulhu a kan diyya, ko su yafe, kuma asalin wannan yana cikin aya ta 178 ta Suratul Baƙara. Wannan ya wuce damar yin magana kawai. Sai dai a lura da iyakokin da aka gindaya. Na farko, waliyyi yana iya sassautawa, amma ba ya iya neman abin da ya zarce ƙisasi, kome zafin zuciyarsa. Na biyu, asalin diyya ƙayyadadde ne, raƙumi 100 ko dinari 1,000, ba a ƙara ta don dangi sun iya kuka, ba a rage ta don mamaci matalauci ne. Na uku, jama'a ma suna da nasu hakki: ko an yafe wa mai kisan ganganci, Malikiyya sun ce a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda, kisan gilla kuwa ba afuwa a cikinsa.

Wani zai ce, to, me ya haɗa wannan da mu? Ai mu ya fi shafa. Duk wanda ya fito daga Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta shiga sulhu da su, wasu suka ajiye makamai aka kira su tubabbu. Ba na musun cewa shugaba yana iya neman hanyar tsai da zubar jini. Amma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibanmu na zaure suka sani, ta bambanta abu biyu game da ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi: haddin fashi ya faɗi daga kansa, amma hakkin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansa. Wato hukuma tana iya sarayar da abin da ke hannunta, ba ta iya yafe jinin mijin wata a madadinta. Matar da aka mayar gwauruwa, da manomin da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, su ne masu wannan hakki, kuma sulhun da bai ji ta bakinsu ba ya bar baya da ƙura.

Saboda haka ra'ayina, a matsayina na ɗalibi, shi ne wannan. A saurari wanda aka zalunta a kowace shari'a, a rubuta asararsa dalla-dalla, domin a san abin da za a biya shi, kuma mai laifi ya ji da kunnensa abin da hannunsa ya aikata. A bar masa ƙofar afuwa a buɗe, amma kada wani ya tura shi ciki, ko hakimi ko malami ko gwamna, domin afuwar dole wani zalunci ne a kan na farko. Sa'an nan kada a miƙa masa ma'aunin hukunci, wannan ya zauna a hannun alƙali, don almajiri da attajiri su tashi da daraja ɗaya.

Kawuna bai nemi a ƙara wa ɓarawo ko kwana ɗaya ba. Abin da ya so kawai shi ne a tambaye shi, a kuma lissafa damanarsa cikin abin da aka sace. Ina fata 'yan'uwa masu karatun shari'a za su ɗauki wannan magana su faɗaɗa ta, su gyara mini inda na yi kuskure. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya saka wa waɗanda aka zalunta. Wassalam.