Ko Ya Kamata A Gaya Wa Mai Ciwon Daji Gaskiya?

Muna so mu kawo gabanku wata tambaya wadda ta daɗe tana yi mana nauyi, mu da a kan aiko a kira mu in ciwo ya yi tsanani a gida. Ga tambayar: in likita ya ce mutum yana da ciwon daji, watau sankara, ya kamata a gaya wa mai ciwon, ko kuwa a ɓoye masa don tausayi?

Ba cikin littafi muka tsinci tambayar nan ba. A nan ƙasarmu ta Jajaye, cikin Rogo, muka gamu da ita. Wata shekara bayan kaka, wata 'yar'uwa, uwar 'ya'ya biyar, ta ji ƙullutu cikin mamanta, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Kunya ta hana ta faɗa. Da ya girma aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har wata shida, sa'an nan aka kai ta babban asibiti a birni. Likita ya ɗebi 'yar tsoka daga wurin, aka auna. Ran da sakamako ya fito, ya kira mijin da babban ɗansa gefe ya gaya musu, ya sa musu ranar da za su komo a yi mata aiki. Su kuwa suka ce mata, "Likita ya ce maruru ne, zai fashe."

Da dare mijin ya yi sallama a ƙofarmu. Ya ce, "Pasto, ka rufa mana asiri. In ta ji sunan ciwon nan, tsoro zai kashe ta tun ciwon bai kashe ta ba. Ka je ka yi mata addu'a, amma kada ka faɗa." Muka yarda, gama mun ga hawaye a idon dattijo. Yau muna faɗi a fili, ba mu yi daidai ba.

Kada mu yi saurin ba mutumin nan laifi. Ƙauna ce ta sa shi, ba mugunta ba. Ba kuwa Hausawa kaɗai su ke da wannan hali ba. A shekara ta 1951 likitoci suka cire wa Sarkin Ingila, Joji na 6, huhunsa na hagu sabo da ciwon daji, amma ba su faɗa masa sunan ciwon ba. Ya rasu cikin watan Fabrairu na 1952. A Amurka ma, da aka tambayi waɗansu likitoci a shekara ta 1961, wajen 9 cikin 10 suka ce ba su kan gaya wa mai ciwon daji gaskiya ba. Amma a binciken da aka buga a 1979, 97 cikin 100 suka ce su kan gaya. A tsakanin nan magani ya ƙaru, kuma irin maganin da ba ya yiwuwa sai da yardar mai ciwo. A ƙasarmu kuma, a shekara ta 2018 Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardar haƙƙin majinyata, wadda ta ce majinyaci yana da haƙƙi a bayyana masa ciwonsa da maganinsa cikin harshen da ya ke ji.

To, bari mu duba abin da ɓoyon ya jawo a gidan da mu ke magana.

Na fari, ya jinkirta magani. Ranar da likita ya sa ta zo, ta wuce, ba su tafi ba. Ina mijin zai ce wa matarsa za a yanke mata mama sabo da maruru? Ya rasa ta cewa, ya yi ta ɗaga tafiya har wata uku. Ciwon daji kuwa ba ya jira. Asalinsa ƙwayoyin jikin mutum ne da kansa su ke hayayyafa ba tsari, su taru su zama ƙullutu, daga nan su bi jini da hanyoyin kaluluwa su yaɗu zuwa ƙashi, ko hanta, ko huhu. Likitoci sun kasa shi mataki 4. A mataki na 1 yana wuri guda, tamkar wuta a bakin jinka, guga ɗaya ya kashe ta. A mataki na 4 ya riga ya kama gari. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekara ta 2022 fiye da mutum 120,000 suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, fiye da 70,000 suka mutu. Babban dalili cikin dalilan wannan yawan mutuwa shi ne zuwa asibiti a makare.

Na biyu, ɓoyon ya bar mai ciwo ita kaɗai. Wata dattijuwa cikin Zumuntar Mata ta je gaishe ta. Da ɗaki ya rage su biyu, mai ciwo ta kama hannunta ta ce, "Inna, na san abin da ke jikina. Tun cikin mota na gani a fuskar maigida. Amma don Allah kada ki gaya masa na sani, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba." Kun ji fa! Labarin zuciya a tambayi fuska. Miji yana kuka a zaure, mata tana kuka a ɗaki, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Nawayar da ya kamata mutum biyu su ɗauka tare, sai kowa ya ɗauki tasa cikin duhu.

Na uku, ɓoyo ya kan ƙwace wa mutum kwanakinsa. Wanda ya san halin da ya ke ciki ya kan biya bashi, ya nemi gafara wurin wanda ya ɓata wa, ya faɗi inda iyakar gona ta ke, ya yi wa 'ya'yansa gargaɗi. Wane ne mu da za mu hana shi wannan? Ciwon a jikinsa ya ke, ran kuma nasa ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Akwai kuma tambayoyi da ke cin zuciyar kowane mai ciwon daji, waɗanda ba shi da ikon yinsu muddin ana ce masa maruru ne. Ga waɗanda muka fi ji.

"Wane laifi na yi?" Waɗansu su kan ce sammu ne, ko jifa, ko horon Allah. Mu tuna sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin ko zunubin wa ya jawo. Ubangijinmu bai ɗora wa mutumin ba, bai kuwa ɗora wa iyayensa ba. Akwai abubuwan da aka san suna jawo ciwon daji, kamar shan taba, da ƙwayar cutar hanta mai suna hepatitis B, da gyaɗa ko masara da ta yi fumfuna a rumbu. Amma da yawa su kan kamu ba tare da ko ɗaya cikin waɗannan ba.

"Zan shafa wa 'ya'yana?" A'a. Ba a ɗaukar ciwon daji ta wurin cin tuwo a kwano ɗaya, ko gaisawa, ko kwana a ɗaki ɗaya. Kada a ware wa mai ciwo ƙoƙonsa.

"An ce daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura." Wannan magana ta kai mutane da yawa kabari. Ga inda ta samo asali: a kan kai mutum asibiti bayan ciwo ya gama yaɗuwa, a yi masa aiki, ya mutu, sai a ce wuƙar likita ce ta harzuƙa ciwon. Ashe jinkiri ne ya yi kisan. 'Yar tsokar nan da a ke ɗiba a duba da madubin likita, ita ce hanyar tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne, gama ƙullutu da yawa a mama ba daji ba ne.

"Maganin zai wahalshe ni?" I, akwai wahala, kada mu yi ƙarya. Manyan hanyoyin magani uku ne: aikin fiɗa, da gasa wurin da hasken na'ura, da ruwan magani mai ƙarfi ta jijiya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira kemo. Shi wannan ya kan kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, sabo da haka ya kan taɓa gashin kai, da cikin baki, da jini. Gashi ya kan zube, zuciya ta yi ta tashi, jiki ya mutu, farce ya yi baƙi. Amma akwai maganin amai, gashi kuma ya kan sake tsirowa bayan an gama. In zazzaɓi ya kama mai shan wannan magani, a kai shi asibiti a ranar, gama jikinsa ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta. Ku duba fa, wanda aka gaya masa tun da fari, in ya ga gashi a matashinsa, ya san hanya ce. Wanda aka ɓoye masa kuwa, sai ya ce guba a ke ba shi, ya gudu tun magani bai kai rabi ba.

"Zan warke?" Wannan ita ce uwar tambayoyi. Ciwon daji iri-iri ne, ba duka ne ajali ba. Akwai wanda ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a shekara ta 1958. A Ibadan likita Victor Ngu yana cikin waɗanda suka nuna ruwan magani ya kan narkar da shi, yara kuwa da yawa sun warke. Sankarar mama da ta bakin mahaifa, in an kama su da wuri, mata da yawa su kan warke su ga jikokinsu. In kuwa ciwo ya riga ya yaɗu, sau da yawa magani ba ya kawar da shi, sai dai ya ƙara kwana, ya rage zafi. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai magungunan kashe zafi masu ƙarfi, kamar mofin, a roƙi likita. Amma ranar mutuwa, likita bai san ta ba, Pasto bai san ta ba. Kada kowa ya yanka wa mutum kwanaki.

Wani zai ce, "To, Pasto, sai mu faɗa ɗaki mu jefa masa magana kamar dutse?" Ko kaɗan. Gaskiya ɗaci gare ta, shi ya sa a ke ba da ita kamar yadda a ke ba majinyaci kunu, ludayi ludayi. A zauna, kada a tsaya a bakin ƙofa. A fara da tambayarsa, "Yaya ka ke ganin ciwon nan?" Sau da yawa za ku tarar ya riga ku sani. A faɗi gwargwadon abin da ya nema, a dakata, gobe a ƙara. In da hali, likita ya faɗa da bakinsa, dangi suna kusa. In kuwa mutum ya ce, "Ni ba na so in ji, ku gaya wa ɗana, abin da ya ga ya kyautu a yi," wannan ma haƙƙinsa ne, a bar shi. Abin da mu ke ƙi shi ne a yanke shawara a bayan idonsa, sa'an nan a rufe da ƙarya. Yin shiru har lokaci ya yi dabam ne, cewa "maruru ne" dabam.

Ku karanta labarin Sarki Hezekiya cikin 2 Sarakuna sura 20. Da ya yi ciwo har bakin mutuwa, Allah bai aiki annabi Ishaya ya rarrashe shi da ƙarya ba. Ya aike shi ya faɗa masa ya shirya gidansa. Jin gaskiyar nan ne ya sa sarki ya juya fuska ga bango ya yi addu'a da kuka, Allah kuwa ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabin ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Ga gaskiya, ga addu'a, ga magani, duka cikin ɗaki ɗaya, ba wanda ya kori wani.

Mu koma ga 'yar'uwarmu. Dattijuwar nan ba ta kai maganar wurin mijin ba. Ta lallashi mai ciwo har ta yarda a zauna. Muka tafi tare, muka roƙi gafararta don namu rabon ɓoyon. Mijin ya buɗe baki ya kasa, sai ita ta ce, "Maigida, na sani. Ka daina wahal da kanka." Suka yi kuka, mu ma muka yi. Cikin makon nan aka koma asibiti. 'Yan ekklesiya suka tara abin da ya sawwaƙa, maƙwabtanmu Musulmi ma suka kawo nasu gudummawa, gama kuɗin magani ya fi ƙarfin gida ɗaya. Aka yi mata aiki, ta sha kemo, gashinta ya zube ya kuma tsiro. Ta ƙara damina biyu. Ta aurar da 'yarta, ta raba awakinta da hannunta, ta shirya da ƙanuwarta wadda suka yi shekaru ba su ga maciji. Sa'an nan ta huta. Ko wata taran nan da aka ɓatar da sun cece ta, Allah ne masani. Amma mijin ya ce mana shekaru biyun nan sun fi masa dukan na baya daɗin zama, gama ba abin da ya rage a ɓoye tsakaninsu.

Sabo da haka, 'yan'uwa, ga roƙonmu. Mace in ta ji ƙullutu a mama, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan ta daina al'ada, ta faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Namiji in fitsari ya fara yi masa gardama, ko ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, haka nan. A fara da asibitin Rogo ko na Ƙaraye, in sun tura ku Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ku tafi, kada ku tsaya sai an sayar da amfanin gona. Tun watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta, Jihar Kano kuwa tana cikin na fari. Ku tambaya a asibitin da ke kusa da ku, ku kai 'ya'yanku.

In kuwa wata rana wani ya yi sallama a ƙofarku da dare ya ce ku taya shi ɓoyo, ku ba shi tabarma, ku ji kukansa, sa'an nan ku ce masa, "Tashi mu tafi tare, ba za ka faɗa kai kaɗai ba." Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta iya.