Ba a auna farfela mota tana kan jak

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani da damina. To amma shinkafa da tumatir ba su da ƙafa. Abin da ke fito da su daga gona zuwa Kwanar Gafan, ko ya bi da su titin Zariya ta Kumbotso har kasuwar 'Yan Kaba, sau da yawa akori-kura ce: tsohuwar Hilux, ko ragowar Peugeot irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975.

A ƙarƙashin kowacce akwai dogon bututun ƙarfe da makanikai ke kira farfela. Ita ke karɓar juyi daga giya ta miƙa wa aksul na baya. Kowane baki nata yana da kuros da ke ba ta damar lanƙwasa, sannan akwai wani sashe mai haƙora da ke zamewa ciki da waje, domin tazarar da ke tsakanin giya da aksul ba ta tsayawa wuri ɗaya. Da an ɗora buhuna sifirin ya miƙe, da taya ta faɗa rami ya dawo. Idan kuros ya ci, direba zai ji "ƙwas" duk lokacin da ya saki kuloci, in ya taka mota kuma kujera ta riƙa rawa.

Sai a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa neman farfela ta Beljiyam. Wuyar ita ce motar da ta yi shekara 30 tana aiki da kyar ake samunta yadda kamfani ya ƙera ta. Wani ya canja mata giya, wani ya ƙara mata sifirin biyu don ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta. Lambar da ke jikin mota ba za ta gaya maka tsawon farfelarta ba, sai an sa tef.

Nan ake gane gwani. Yaron gareji, don neman sararin kwanciya, yakan ɗaga motar a kan jak, tayoyin baya suna reto, ya ja tef. Maigidansa kuwa ce masa zai yi: "Kai, sauke ta ta tsaya da ƙafarta tukuna." Aksul da ke reto ya bar mazauninsa, awon da aka ɗauka a haka na motar da ba ta tafiya ne. Ana aunawa daga tsakiyar kuros zuwa tsakiyar kuros, tayoyi a ƙasa, kuma da gangan ake barin kimanin inci ɗaya na wasa a sashen mai zamewa. Farfela ta yi tsawo, ranar da aka ci rami da lodi za ta soki giya ta fasa ta. Ta yi gajarta, haƙoran su zare, ƙarfe ya faɗo a tsakiyar hanya da kwandunan tumatir a baya, rana tana duka.

A ganina, yawancin lissafin da ke ɓaci a wannan yanki a kan jak aka auna shi. Manomi ya ci bashin taki da farashin tumatir na lokacin tsada a ransa, bai bar wa lissafin ko inci ɗaya ba, sai kowa ya kwaso nasa a mako guda, kwando ya faɗi warwas. Ai bai yi kuskure wajen ƙidaya ba, lokacin da ya zaɓa ya yi awon ne ya cuce shi.

Saura abu ɗaya da masu gaggawa ke tsallakewa. Kafin a raba farfela gida biyu, ana sa mata alama da alli ko fenti, don kunnuwan kuros na gaba da na baya su koma kan layi ɗaya. Aka kauce ko da haƙori ɗaya, rawa za ta dawo, kuros sabo ya mutu da wuri. Haka in mai walda ya yanke ya haɗa: ƙananan ƙarafan da ke manne a jikin bututun ba datti ba ne, su ke daidaita nauyinta, kada a bari ya kankare su.